Almajirci da Bara a Alƙalamin Masu Bincike: Waiwayen Ƙarni Guda, 1914–2023

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi rubuce-rubucen da aka yi a kan almajirci da barar yara a Arewacin Nijeriya, tun daga ƙiyasin da Turawan mulkin mallaka suka yi a 1914 har zuwa dokar kafa hukumar kula da ilmin almajirai ta 2023. An bi ayyukan ne bisa jerin zamani, domin a ga tambayar da kowane zango ya ɗauko da dalilin da ya sa ya ɗauko ta. An gano cewa masu bincike sun daɗe suna tambaya a kan manhaja, da tsaro, da adadi, kafin su iso ga tambayar da ke ƙarƙashin duk sauran, wato wane ne ke ciyar da yaron. Wannan tambaya kuwa tana da babi sananne a fiƙihun Malikiyya, babin nafaƙa, amma ba kasafai ake haɗa shi da binciken fili ba. Maƙalar ta kammala da nuna inda ya kamata malaman addini da ma'aikatan jin daɗin jama'a su haɗa hannu.

1.0 Gabatarwa

Kalmar almajiri ta samo asali ne daga kalmar Larabci al-muhajir, wato wanda ya yi ƙaura. A bakin malamai har yau kalma ce ta girmamawa da ƙanƙan da kai, domin babban malami kan kira kansa almajirin wane, yana nufin a gabansa ya durƙusa ya ɗauki karatu. A bakin mutanen birni kuwa ta koma sunan yaron da ke tsaye a ƙofar gida ko a tashar mota da roba a hannu yana neman ragowar tuwo, har ma akan kira kowane mabaraci da ita ko da bai taɓa riƙe allo ba.

Abubuwa uku ne suka cuɗanya a cikin kalmar. Na farko shi ne karatun allo kansa, daga babbaƙu da farfaru zuwa sauka da tilawa. Na biyu shi ne barin gida domin neman wannan karatu a wani gari. Na uku shi ne bara, wadda hanya ce ta samun abinci. Ana iya samun kowanne daga cikin ukun ba tare da sauran ba. Miliyoyin yara suna karatun allo a zauren unguwarsu su koma gida su ci abinci, kuma akwai gardawa da yawa da ke ƙasar wasu suna ci da guminsu. Yawancin ruɗanin da ke cikin rubuce-rubucen da za a duba ya taso ne daga rashin rarrabe waɗannan abubuwa uku.

Waiwayen yana da amfani a aikace. Ma'aikacin jin daɗin jama'a yana rubuta magani ne gwargwadon yadda aka bayyana masa cutar. Idan abin da ya karanta ya ce matsalar manhaja ce, aji zai nemi a gina. Idan ya ce ta tsaro ce, jami'ai zai nemi a turo. A duka halayen biyu yaron zai wayi gari da yunwar da ya kwana da ita.

2.0 Abin da Magabata Suka Bari

Tushen da ake da su a kan karatu kafin zuwan Turawa galibi malamai ne suka rubuta su a kan malamai. A Borno akwai takardun mahram, waɗanda sarakuna ke bai wa gidajen malamai domin ɗauke musu haraji da wasu wajibai, kuma H. R. Palmer ya fassara wasu daga cikinsu a farkon ƙarni na 20. A ƙasar Hausa, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a cikin Ida'un Nusukhi, wanda Mervyn Hiskett ya buga tare da fassara a 1957. A nan ya nuna cewa Alƙur'ani a wurin mahaifinsa ya karanta shi, kuma sai da ya kai shekara 13 aka miƙa shi ga yayansa Shehu Usmanu, daga baya ne tafiye-tafiyen neman ilmi suka biyo.

Wannan shaida tana da daraja, amma labarin gidan malamai ce. Ba ta faɗi yadda ɗan talaka manomi ya yi karatunsa ba, ko yadda ya sami abin kai wa baka. Saboda haka akwai buƙatar taka tsantsan da wata magana da ta zama ruwan dare a gabatarwar kundaye da maƙalu, cewa kafin 1903 baitulmali ne ke ɗauke da dukkan makarantun allo da kuɗin zakka, kuma ba a san bara ba sai da Turawa suka zo. Gaskiya ne sarakuna sun girmama malamai sun yi musu kyauta, gaskiya ne kuma Turawa sun narkar da zakkar hatsi a cikin harajin bai-ɗaya. Sai dai masu maimaita maganar ba sa kawo hujja daga rubutun zamanin da ke nuna an taɓa yin tsarin da hukuma ke ciyar da kowane almajiri. John Iliffe, a tarihin talakawan Afirka da ya wallafa a 1987, ya nuna cewa bara tsohuwar aba ce a biranen ƙasar Hausa, kuma masu karatun allo na cikin masu yin ta. Abin da ya fi kusa da hujja shi ne cewa jama'ar gari ne suka riƙe makarantun, ta hanyar sadaka da zakkar da manomi ke kai wa malami kai tsaye, da kuma noman da almajirai ke yi a gonar malaminsu.

3.0 Zamanin Turawa zuwa 1975: Tambayar Manhaja

Adadi na farko da ake yawan ambata shi ne wanda A. B. Fafunwa ya kawo a tarihin ilmin Nijeriya na 1974, cewa a 1914 Gwamna Lugga ya ƙiyasta makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, masu ɗalibai fiye da 200,000. Duk da wannan yawa, gwamnati ba ta gina tsarinta a kansu ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, sannan makarantar koyon shari'a ta Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Daga waɗannan ne aka riƙa ɗaukar ma'aikatan En'e. Boko ya maye gurbin ajami a ofis, takardar shaida ta zama mabuɗin albashi, alaramma kuwa ba shi da ita komai ƙarfin haddarsa.

Tambayar masu rubutu a wannan zango ɗaya ce: me ake koyarwa a makarantar allo, kuma yaya za a daidaita shi da karatun zamani? Rahotannin Turawa sun siffanta karatun da hadda ba fahimta. 'Yan boko Musulmi sun amsa da gyara. Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa sun kafa makarantun Islamiyya masu aji da darussa daban-daban a shekarun 1950, gwamnatin Sardauna kuma ta aika wakilai Masar da Libiya da Sudan a farkon shekarun 1960 domin su ga yadda aka tsara makarantun Alƙur'ani a can. Ayyukan ilmi da suka rufe zangon, kamar babin da Hiskett ya rubuta a 1975 a kan tsarin gargajiya da na gwamnati, da kundin J. W. Chamberlin na wannan shekara a kan ilmin Musulunci a birnin Kano, sun zurfafa a kan littattafai da silsilar malamai da matakan karatu. Bara ba ta tsaya a matsayin matsala mai zaman kanta a cikinsu ba. Wannan shirun ma shaida ne, domin yana nuna cewa a lokacin ba ta kai girman da za ta tsone idon mai bincike ba.

4.0 Karkarar da ta Ɗauki Nauyin Tsarin

Bayanin yadda aka riƙa ciyar da almajirai ya fito ne daga masanan da ba makaranta suka je nazari ba. Polly Hill ta yi aiki a Batagarawa ta wallafa a 1972, ta sake wallafa wani a kan karkarar Kano a 1977. Michael Watts ya rubuta tarihin yunwa da manoman Arewa a 1983. Daga irin waɗannan ayyuka ne ake fahimtar cewa almajirci wani reshe ne na ci-rani. Da damina malami da almajiransa suna gona. Bayan kaka, idan aikin gona ya ƙare, sai su doshi birni ko su yi gabas, su sauka a zauren wani mai hali. Gardawa su kama ɗinkin hula da dako da ga-ruwa da yankan farce, ƙanana kuma su zaga gidajen unguwar da safe da dare, kowane yaro sau da yawa yana da uwar ɗakin da ke ajiye masa abinci yana yi mata aike. Ga uban yaron a ƙauye, an rage baki ɗaya a kan rumbu a watannin da hatsi ke ƙarewa, kuma ɗansa ya sami karatu. Da bazara ta kawo jiki kowa ya koma gona.

Tsarin ya dogara ne da sharuɗɗa uku: gonar da ke ciyar da makaranta rabin shekara, birnin da bai fi ƙarfin sanin juna ba, da sana'o'in hannu da ke karɓar gardi. Dukkansu sun girgiza a shekarun 1970. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma da makiyaya, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa dalar gyaɗar Kano, kuɗin man fetur ya jawo jama'a birni ya kuma tsauwala farashi. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda ya ƙara faɗaɗa tazara tsakanin mai takardar shaida da maras ita. Malaman da a da suke komawa ƙauye da damina suka fara zama birni shekara cur, bara ta tashi daga abin watanni kaɗan ta zama abin kullum.

5.0 Disambar 1980: Tambayar Tsaro

Rikicin Maitatsine ne ya sauya akalar bincike. A watan Disamba na 1980 mabiyan Muhammadu Marwa suka gwabza da jami'an tsaro a Kano, inda alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 sun rasa rayukansu. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya nuna yatsa ga yawon almajirai da kwararowar baƙi, kuma da rikicin ya sake ɓarkewa a Bulumkutu da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985, sai ra'ayin ya kafu. Gwamnatin soja ta Kano ta yi dokar rajistar makarantun allo da taƙaita zirga-zirgarsu a cikin waɗannan shekaru. Almajiri ya shiga takardun gwamnati a matsayin abin tsoro.

Aikin da ya fi tasiri a wannan zango shi ne maƙalar Paul Lubeck ta 1985. Lubeck ya yarda cewa gardawa na cikin mabiyan Marwa, amma bai ɗora laifin a kan karatun allo ba. Bayaninsa shi ne cewa arzikin man fetur ya rusa matsayin gardi a birni. Kayan masana'antu sun kashe sana'o'in da yake yi, tsadar rayuwa ta rage sadaka, sababbin masu kuɗi sun gina gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe ba zaure, wanda a da ake ganinsa baƙon Allah ya koma ana yi masa kallon ɗan iska. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1987, ya karkata ga yadda masu mulki da masu dukiya ke sarrafa addini domin buƙatunsu. Abin lura shi ne yadda na baya suka karanta Lubeck. Da yawa sun ɗauki rabin maganarsa, wato alaƙar gardawa da rikici, suka bar rabin da ya fi nauyi, wato rushewar hanyar cin abincinsu. Ruwa ba ya tsami banza, amma an fi rubutu a kan tsamin fiye da dalilinsa.

6.0 Daga 1986 zuwa 2012: Haƙƙin Yara da Tambayar Adadi

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara talauta karkara da birni, makarantun gwamnati kuma suka lalace. A wannan yanayi ne masana 'yan ƙasa suka shiga fagen da ƙarfi. Sulaiman Khalid, a kundin digirinsa na uku na 1997, ya bi sauyin almajirci a birnin Sakkwato daga 1970 zuwa 1995, yana danganta shi da tattalin arzikin ƙauyukan da yaran ke fitowa. Festus Okoye da Y. Z. Ya'u sun fitar da rahoto a 1999 a kan halin da almajirai ke ciki a shiyyar Arewa maso Yamma, da idon kare haƙƙin ɗan'adam. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta yi dokar haƙƙin yara a 2003 da dokar ilmin bai-ɗaya a 2004, sai kalmomin cin zarafi da sakaci da aikatar da yara suka mamaye rubuce-rubuce.

Wannan zango ya yi abin a yaba, domin ya tilasta a kalli jikin yaron: ƙazuwa da makero, kwana a ƙasa, rashin magani, duka. Amma yana da rauni biyu. Na farko shi ne adadi. Majalisar kula da gajiyayyu ta ƙasa ta ambaci miliyan 7 a 2005, kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa kuma ya kawo miliyan 9.5 a 2010. Wannan adadi na biyu na masu karatu ne a makarantun Alƙur'ani, bai ware yaran da ke kwana gidan iyayensu daga waɗanda suka baro gida ba, amma jaridu da maƙalu suka riƙa kawo shi a matsayin yawan yaran da ke bara a titi. Rauni na biyu shi ne hanyar bincike. Kundaye da dama sun tsaya ga raba takardar tambayoyi ga yaran da aka tarar a tasha ko kasuwa, ba tare da zuwa makarantarsu ko ƙauyensu ba, sannan kowane kundi yana kwafar gabatarwar wanda ya gabace shi.

Manufar da ta fito daga wannan fahimta ita ce gini. A watan Afrilu na 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a faɗin ƙasa. Da yawa daga cikinsu sun tsaya cik ko an sauya musu aiki bayan 'yan shekaru, saboda ba a tanadi kuɗin ciyarwa da albashi mai ɗorewa ba, kuma ba a jawo alarammomi a jika tun farko ba. Ko da dukkansu sun yi aiki, abin da za su ɗauka ɗigo ne a cikin yawan da ake magana a kai.

7.0 Muryar Almajiri

Bayan harin da aka kai Amurka a 2001, tambayar tsaro ta dawo da sabon kaya. Awofeso da Ritchie da Degeling sun wallafa maƙala a 2003 suna kwatanta almajirci da makarantun addini na Pakistan, suna hasashen zai zama matattarar 'yan ta'adda. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a 2009, wannan ra'ayi ya zama kamar abin da ba ya buƙatar hujja. Sai dai binciken da ƙungiyar Mercy Corps ta fitar a 2016, bayan tattaunawa da tsofaffin 'yan ƙungiyar 47, bai sami siffa ɗaya da ta haɗa su ba. Akwai masu karatun allo, akwai 'yan boko, akwai 'yan kasuwa, akwai waɗanda aka tilasta wa. Wannan bai wanke kowa ba, amma ya nuna cewa zargin da aka yi wa miliyoyin yara a dunƙule ya fi hujjarsa girma.

Sauyi mafi muhimmanci ya zo ne daga masu binciken da suka zauna da almajirai suka saurare su. Hannah Hoechner ta yi aikin fili a cikin birnin Kano da Albasu tsakanin 2009 da 2011, ta shirya fim mai suna Duniya Juyi Juyi tare da almajirai tara, ta wallafa littafinta a 2018. Ta nuna cewa iyayen yaran galibi talakawan karkara ne, kuma dalilansu a haɗe suke: son karatun Alƙur'ani, da rashin makarantar gwamnati mai inganci ko kuɗin ɗawainiyarta, da mutuwar aure ko rasuwar uwa, da imanin cewa wahala tana gina hali. Ta nuna kuma cewa almajirai da yawa 'yan aiki ne a gidajen masu hali, cewa wulaƙanci yana ci musu rai kamar yunwa, kuma da yawansu suna son karatun boko in sun sami hanya. Hadiza Kere Abdulrahman, a kundinta na 2018, ta bi tsofaffin almajirai ta ga irin mazajen da suka zama, abin da binciken tasha ba zai taɓa nunawa ba. A Senegal ma Donna Perry ta nuna a 2004 yadda bayanin iyayen ƙauye ya saɓa da na ƙungiyoyin kare haƙƙin yara, Rudolph Ware kuma a 2014 ya bayyana hikimar tarbiyyar da ke cikin hadda da hidimar malami.

Waɗannan ayyuka sun maido da mutuncin almajiri a rubuce. Haɗarin da ke tattare da su shi ne mai karatu ya ɗauke su a matsayin kariya ga halin da ake ciki, alhali su kansu sun tabbatar da cewa yaro ɗan shekara shida yana kwana da yunwa nesa da uwarsa.

Shekarar 2020 ta zama gwaji ga duk ra'ayoyin. A watan Fabrairu gwamnatin Kano ta haramta bara a titi, da annobar korona ta shigo kuma gwamnonin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali, wasunsu ɗauke da cutar. Ba a jima ba yaran suka sake cika titunan, domin abin da ya fito da su daga gida yana nan inda suka bar shi. A watan Mayu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa hukumar ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

8.0 Babin da Aka Tsallake

Idan aka tattara zangunan nan, za a ga duk sun gangaro wuri ɗaya. Bara tana faruwa ne a inda aka raba yaro da tukunyar gidansu ba tare da an haɗa shi da wata ba. Abin mamaki shi ne wannan mas'ala tsohuwa ce a littattafan da ke cikin kowane zauren ilmi a ƙasar Hausa, amma binciken zamani bai cika buɗe su ba, masu buɗe su kuma ba su cika zuwa fili ba.

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani, ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga, kuma renonsa haƙƙin uwa ne har zuwa wannan lokaci ko da aure ya mutu. Kai yaro makaranta ba ya sauke wannan wajibi, malami kuma bai zama mai ciyarwa ba don an damƙa masa yaro. Mazhabar ta taƙaita nafaƙar dangi tsakanin uba da 'ya'yansa da kuma 'ya'ya da iyayensu, saboda haka idan uba ya gaza, nauyin yana komawa ne kan baitulmali, idan babu shi kuma ya zama farilla ta kifaya a kan masu hali. Game da roƙo, hadisin Ƙabisa da ke cikin Sahihu Muslim ya taƙaita halaccinsa ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin bashi domin sulhu, da wanda bala'i ya cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har masu hankali daga mutanensa suka shaida. Game da makaranta, Muhammadu ɗan Sahnun (ya rasu 256 B.H.) a Adabul Mu'allimina, da Abul Hasan al-Ƙabisi (ya rasu 403 B.H.) a bayansa, sun halatta wa malami karɓar lada, sun iyakance duka, sun kuma hana shi aiken yara buƙatunsa. A gida kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Tanbihus Sahibi a kan hukunce-hukuncen neman abinci, inda ya ƙarfafa sana'a da dogaro da kai, a Usulus Siyasa kuma ya ɗora wa shugaba nauyin raya sana'o'i a ƙasarsa.

Waɗannan hukunce-hukunce sun raba nauyi daki-daki tsakanin uba da malami da hukuma da jama'a. Abin da ya rage shi ne a auna su da halin da ake ciki, kuma nan ne giɓin bincike yake. Ana buƙatar aikin da zai fara daga gidan da yaro ya fito, ya rarrabe uban da ya gaza da uban da ya yi sakaci, domin hukuncinsu daban ne, maganinsu ma daban ne. Ana buƙatar sanin abin da ke shiga hannun alaramma a mako, daga kuɗin Laraba da sadaka da gona, da abin da ciyar da yaro ɗaya ke ci a wata. Ana buƙatar bin sawun zakkar hatsi a ƙauyukan da ke tura yara, ushuri ga noman damina da rabinsa ga noman da aka shayar da wahala, a ga inda take tafiya, da kuma abin da hukumomin zakka da wakafi da jihohi suka kafa bayan dawo da shari'a a shekarar 2000 suka iya kaiwa ga makarantun allo. Ana buƙatar bin yaran da aka mayar gida a 2020. Haka nan 'yan'uwansu mata, waɗanda ba a tura su almajirci amma suna ɗauke da farantin talla, sun cancanci a sa su a cikin lissafi ɗaya, tunda gida ɗaya ne ya fitar da su.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kowane zango ya kalli almajiri ta tagar damuwarsa. Baturen mulki da ɗan boko sun ga manhajar da ke buƙatar gyara, gwamnatin bayan 1980 ta ga barazana, ƙungiyoyin kare haƙƙi sun ga adadi da rauni, masu zama da almajirai kuma sun ga mutum mai dalili da buri. Kowannensu ya ga wani ɓangare na gaskiya. Ayyukan da suka fi tsayawa da ƙafarsu, daga Hill da Lubeck zuwa Khalid da Hoechner, sun haɗu a kan cewa bara ta yaɗu ne lokacin da gona da zaure da sana'ar da suka riƙe karatun allo suka raunana, ba a kuma sami abin da ya maye gurbinsu ba.

Saboda haka gyaran da zai ɗore shi ne wanda ya amsa tambayar ciyarwa kafin ta gini. Jami'o'in Musulunci suna da abin da sauran ba su da shi a wannan fage, domin ɗalibansu sun san Risala da Mukhtasar, suna jin harshen alaramma, da yawansu ma ta hannunsa suka biyo. Idan sashen shari'a da sashen nazarin zamantakewa suka tura ɗalibansu ƙauye ɗaya da tambaya ɗaya, za a sami binciken da uba da malami da hukuma za su ga nauyinsu a ciki, kowa da gwargwadonsa. Allah ne Mafi sani.